Manhajar da Ta Zo da Danginta

Tungar Guru,
6 ga Yuni, 2012

Zuwa ga taubashina Mas'ud, ɗan Gwaggo Hajara,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Zulai da jaririyarku da har yau ba a kawo mana mun gani ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har ta fara zuwa rijiya ana hana ta. Na biya Gummi makon jiya na gaida Gwaggo, ta ce tun da ka zama ɗan Zariya sai a waya take jin muryarka.

Ka san ba don in yabe ka na ɗauki biro ba. Buƙata ce ta kawo ni, kuma ɗan mace ai don aike aka yi shi, sai ka yi haƙuri.

A ɗakin shan maganin da nake aiki, yaran da gubar dalma ta taɓa muke dubawa. Ran Talata Dorothy, abokiyar aikina, za ta ɗebi jinin yaro ta saka a na'urar gwaji ta faɗi lambar yawan dalmar da ke jinin, ni kuma in buga a kwamfuta nan take. Takardun da muke cikawa da hannu sun ƙare tun watan huɗu, aka ce kwamfutar ta wadatar. Duk bayan mako biyu, ran Alhamis, mota ke zuwa daga Anka, in ba su jerin yaran da lambarsu ta hau, su tafi da su a yi musu magani. Yaron da ba shi da lamba ba ya shiga mota, don gadajen can a cike suke.

To kwamfutar nan tsohuwa ce, Mas'ud, ta girmi wasu 'yan firamare. Williams da ya haɗa mana ita an mayar da shi wani gari, lambar wayarsa ma ba ta shiga. Ya rufe komai a cikinta, ya bar mana shafin rajista da wani baƙin allo da ake buga rubutu, irin tsarin nan na kyauta da kake yabo kullum. Sau biyu ta ɗauki zafi ta mutu ana tsakiyar aiki, batir ma ya ƙare ba gargaɗi. Sau ɗaya kuma wani rubutu ya gifta yana maganar wurin ajiya, kafin in karanta ya ɓace.

Abu uku nake so ta riƙa gaya mini: zafin jikinta, sauran batir, da sauran wurin ajiya. Nan ba intanet, waya ma sai an hau tudun makabarta. Ka ba Sambo direba abin da za ka aiko, shi zai ajiye mini a shagon mararraba.

Ni ce uwargijiyarka,
Zubaida

Zariya,
13 ga Yuni, 2012

Malama Zubaida,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Zulai na gaishe ki, jaririya ta fara haƙori ta hana kowa sakat. A gaida Inna da jiki, a ce mata ta bar wa yara rijiyar nan.

Uwargijiya da ke roƙo ai ta sauka daga kujera. Amma na ji, kuma kin zo inda ya dace. Ga filas nan, ɗan abin ajiyar da ake sokawa a jikin kwamfuta, na naɗe a cikin takardar. A ciki akwai manhajar da muke sa ido da ita a kan manyan kwamfutocin ofishinmu. Ba abu uku ba, abu talatin za ta gaya miki, har da zane mai launi da zai nuna miki yadda zafi ke hawa da sauka tun safe. Ba ta da nauyi ko kaɗan, megabait biyu ce.

Ki soka filas ɗin, ki buɗe baƙin allon, ki buga layin da na rubuta a ƙasa yadda yake, ki danna. Na gwada a tawa sau biyu, nan da nan ta hau. Idan kin gama sai ki aiko mini da kwalbar zuma daga Gwashi.

Naki,
Mas'ud

Tungar Guru,
21 ga Yuni, 2012

Mas'ud,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu ƙalau, ruwa ya sauka, mutane duk sun watse gona.

Zumarka tana nan a jikin bishiya. Na buga layinka harafi bayan harafi, Dorothy na riƙe da takardar tana duba mini. Manhajarka ta ƙi hawa. Ta ce ba za ta zauna ba sai an kawo mata wasu guda uku, ta jero sunayensu. Na kwafe su a ƙasan takardar nan yadda na gani, kada ka yi mini dariyar rubutu, sunayen ne ba na mutane ba.

Ni abin da ban gane ba, ka ce ka gwada a taka ta hau. To me ya sa a tawa take neman 'yan rakiya? Ko kwamfutar ƙauye ce ta raina?

Shekaranjiya ta sake mutuwa muna kan yaro na goma sha tara. Allah ya taimaka na riga na adana na baya. Yanzu bulo biyu na ɗora ta a kai don iska ta ratsa, in hannuna ya samu sarari in yi mata fifita da kwali. Habsu, wata mata da ke kawo ɗiyarta Uwani gwaji, ta tambaye ni ko ita ma kwamfutar dalmar ce ta kama ta. Uwanin nan shekararta uku, bakinta ba ya rufuwa, kullum sai ta tambaye ni sunan kowane maɓalli, ita ce ta raɗa wa kwamfutar suna Tsohuwa. Lambarta na kan iyaka, ba ta kai a ɗauke ta ba, ba ta kuma sauka a sallame ta ba, shi ya sa nake sa mata ido.

Na mayar maka da filas ɗinka.

Zubaida

Zariya,
28 ga Yuni, 2012

Zubaida,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, sai aiki da ya yi mini yawa.

Laifina ne, na manta. Masu rubuta irin waɗannan manhajoji ba sa gina komai daga tushe, kowa na jingina da aikin wani. Wanda ya rubuta wannan, da ya zo wurin zane sai ya ce a ɗauko manhajar wane, da ya zo wurin adana tarihin zafi ya ce a ɗauko ta wane. A tawa duk suna nan tun da daɗewa, shi ya sa ban ga ta nemi komai ba. A ofis kuwa in ta nema, da kanta take jawo su ta intanet, ba wanda ke lura.

Ga ukun nan na zuba miki a filas. Ki fara saka su, sannan ki sake buga layin farko. Wannan karon ba makawa.

Mas'ud

Tungar Guru,
9 ga Yuli, 2012

Ɗan Gwaggo,

Ina gaishe ka, amma gaisuwar a taƙaice take yau. Kowa lafiya.

"Ba makawa" ka ce. Ukun da ka aiko, ta farko ta nemi shida, ta biyu ta nemi huɗu, ta uku ta nemi bakwai. Goma sha bakwai ke nan, kuma na tabbata in ka aiko su kowacce za ta waiwaya ta kira nata. Wannan wace irin baƙuwa ce, an ba ta tabarma ta ce ba ta zama sai an shimfiɗa wa danginta? Na zauna na kwafe sunayen duka har wuyan hannuna ya yi tsami, ga su nan sun cinye mini takarda.

Dorothy ta karanta wasu ta ce ɗaya ta shafi injin buga takardu, wata kuma ta aika saƙon intanet ce. Mas'ud, ba mu da injin buga takardu. Ba mu da intanet. Ina ruwan mai auna zafi da aika wasiƙa? Ni idan zan auna zafin yaro, tsinken awo nake ɗauka in saka masa a hammata, ba na cewa sai an kawo mini gado da motar asibiti tukuna.

Kusan wata guda ke nan filas na yawo a aljihun Sambo, har ya fara tambaya ko aurenmu ake shiryawa. Don Allah, ba za ka iya rubuta mini ɗan ƙaramin abu da kanka ba, wanda zai faɗi ukun nan ya yi shiru? Ba na son zane, ba na son launi. Kai ba karatun ka yi ba?

Takarda ta ƙare, duba baya.

Rubutun nan mai giftawa ya sake fitowa, wannan karon na kama shi. Ya ce saura megabait ɗari uku da tamanin a wurin ajiya. Ban san ko da yawa ne ko kaɗan ba, kai ka sani.

Zubaida

Zariya,
17 ga Yuli, 2012

Zubaida,

Gaisuwa, da fatan azumin da ke tafe zai riske mu lafiya. Jaririya ta yi zazzaɓi kwana biyu, yanzu ta warware.

Na karanta faɗanki a tsaye a tasha, sannan na kwashe sunayen na tafi da su ofis. Wallahi kin fi ni gaskiya, ni kaina raina ya ɓaci. Na samo kwamfuta wadda ba komai a cikinta, na sa manhajar ta jawo duk abin da take so, ina kallo. Guda ɗari biyu da goma sha huɗu ta jawo! Mai zane ta nemi haruffa, masu haruffa suka kawo har da na Japan da na Koriya. Saboda wata rana wani zai so a aika masa gargaɗi ta intanet, aka ɗaura mata gidan waya sukutum. Saboda wani zai so ya buga zanen a takarda, aka haɗo manhajojin sarrafa injunan buga takardu sittin da ko a Zariya ban taɓa ganinsu ba. Wanda ya shirya ƙunshin bai raba dole da ganin dama ba, ya rubuta duka a matsayin dole. Yana zaune inda intanet ke gudu kamar famfo, ina zai tuna da ke?

Batun in rubuta miki ƙarami da kaina, ki bar shi. Abin da mutane dubu suka gwada ya fi abin da zan ƙulla cikin gaggawa, kuma ba na so in ba ki aikin tsakar gida alhali ga na ƙwararru. Yanzu dai an gama. Duka ɗari biyu da sha huɗun suna cikin filas ɗin nan, layi ɗaya za ki buga su hau gaba ɗaya. Za ta tambaye ki ko kin yarda, ki ce eh, ki bar ta ta yi ta aiki.

Ki shirya zumata.

Mas'ud

Zariya,
19 ga Yuli, 2012

Zubaida,

Kada ki saka filas ɗin. Ina sake faɗa, kada ki saka shi.

Yau Zulai na gyara aljihun rigata ta ciro takardarki, ta ce ashe har baya kika yi rubutu. Ban juya ba, Zubaida. Jerin sunayen ya ɗauke mini hankali, ban ga inda kika ce in duba baya ba. Abin da na aiko miki in ya baje ya haura megabait ɗari huɗu, ke kuma ɗari uku da tamanin gare ki. Zai cinye wurin tas, rajistarki ba za ta samu inda za ta ajiye ko harafi ɗaya ba.

Na kira wayarki ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Na tura saƙo. Sambo ya riga ya wuce, shi ya sa na ba wani direban Gummi wannan, ya yi mini alkawarin ajiyewa a mararraba gobe. Ki hau tudu ki kira ni da zarar kin gani.

Mas'ud

Tungar Guru,
8 ga Agusta, 2012

Mas'ud,

Sallama. Ka tambayi lafiya a saƙonninka na waya, to Inna lafiya, ni ma da sauƙi. Na ga kiranka, ban ɗauka ba, don abin da zan faɗa ba na tsaye a kan tudu ba ne.

Takardarka ta biyu ta iso ranar ɗaya ga wata. Direban ya wuce da ita Gummi, ta kwana goma a gaban motarsa. Rafi kuma ya cika, mako guda ba mai zuwa mararraba. Tudun ma ban hau ba a kwanakin nan, ga azumi ga ruwa, kuma ban san akwai abin da zan hau in nema ba. Filas ɗin kuwa ya iso da wuri, shi bai ɓata hanya ba.

Ran Litinin ashirin da uku na saka shi. Ta tambaye ni ko na yarda, na ce eh, kamar yadda ka ce. Sunaye suka yi ta gudu a allo tun hantsi har azahar, ina yi mata fifita. Can ta tsaya ta rubuta wani abu da ban gane ba, amma da na buɗe rajista ta buɗu lafiya, sai na ce alhamdu lillahi.

Ran Talata yara arba'in da ɗaya muka gwada. Dorothy na faɗa ina bugawa, ina danna adana, shafi na wucewa kamar kullum, ba ta ce mini uffan ba. Da la'asar na zo fitar da jerin mota, na iske ranar babu ita. Na makonnin baya suna nan, amma na ranar ko yaro ɗaya bai zauna ba. Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna. A karo na uku sai ga manhajarka ta buɗe da kanta, karon farko tun da muka fara wannan wahala. Kyakkyawa ce, ban hana ka ba, ga kore ga shuɗi. A tsakiya ta rubuta da ja cewa wurin ajiya ya cika. Ita ta cinye shi, ita ce kuma ta zo ba ni labari.

Dorothy takan rubuta lamba a katin uwa in layi bai yi tsawo ba. Ran Laraba muka bi gida-gida da azumi a bakinmu, har gonaki, mata na ciro katuna daga ƙarƙashin kwanonin jere. Mun samu talatin da biyu. Tara babu komai a katinsu, har da na Uwani, su ne na ƙarshen layi lokacin da hadari ya taso kowa na sauri. Kayan gwaji kuma ranar suka ƙare. Na san na buga sittin da uku a cikin na ƙarshen nan, na ji lambar a kunnena, na ga yatsuna sun buga ta. Amma ta wane ce? Na yi ta jera fuskokinsu, na kasa. Dorothy ta yi kuka ta ce ita jinin take kallo, ba fuska ba.

Ran Alhamis mota ta zo, ba ta kawo kayan gwaji ba, wai ba su iso Anka ba tukuna. Na roƙe su su kwashi taran duka, suka ce gado huɗu ne ya rage, ga kuma yara huɗu masu lamba a rubuce. Ban ga laifinsu ba. Suka ce in zaɓi wanda na fi zargi ko a matsa a ba shi wuri, na dubi taran, duk suna wasa a gindin bishiyar bedi. Uwani ma har da hawa bayan motar tana tambayar direba sunan madubi. Na ce ban sani ba, suka tafi.

Ran Asabar da ta wuce da safe Uwani ta faɗi tana shure-shure, idanu sun juye. Babanta Namadi ya ɗauko babur, Habsu ta goya ta, aka ɗaga babur ɗin a ka aka haye rafi da shi. Kafin su tafi Habsu ta tsaya a ƙofarmu, ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi, "Malama, ai kun ɗebi jininta ran nan. Mi kunka gani?"

Me zan ce mata, Mas'ud? In ce mun gani, na'urar ta ajiye haruffan Japan ta rasa inda za ta sa lambar ɗiyarki?

Ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ba don ba ka juya takarda ba, kowa na mantuwa. Don na roƙe ka ƙaramin abu ka ce aikin tsakar gida ne. Ina jin haushin kaina da na ce eh ga abin da ban karanta ba ana gobe gwaji, kuma ban ajiye ko littafin 'yan makaranta a gefe ba. Yanzu na saya, da hannu nake rubuta komai. Shi kuwa mutumin da ya ɗaure ɗari biyu da sha huɗu ya kira su dole, ban san sunansa ba balle in yi masa Allah ya isa da kyau.

Uwani na Anka, tana da rai. Gobe mota za ta zo, an ce da kayan gwaji, zan fara da takwas ɗin da suka rage. Kada ka sake aiko mini da filas.

Zubaida

Zariya,
11 ga Agusta, 2012

Zubaida,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Uwani lafiya, ya tashi kafaɗunta. Mu nan ƙalau muke, kuma ina jin kunyar rubuta hakan.

Ba ni da abin kare kaina. Kin faɗi abin da kike so tun takardar farko, abu uku, na ji na ƙi ji. So nake ki buɗe allo ki ga launi ki ce lallai taubashina ya iya. Da kika ce in rubuta ƙarami, gani na yi kamar an ce injiniya ya koma faci. Na karanta wa Zulai takardarki, da na zo kan tambayar Habsu na kasa ci gaba, ta karɓa ta ƙarasa da kanta.

Ba filas a cikin wannan. A takarda ta biyu akwai rubutu kashi biyu da hannuna, da manyan haruffa. Na sama layi biyu ne, su za su kwashe manhajar da danginta duka su bar miki wurinki, ba za su taɓa rajista ba. Na ƙasa layi goma sha ɗaya ne. Kwamfutarki da ma ta san zafinta, ta san batirinta, ta san sauran wurinta, tambayarta kawai ba a yi ba. Layukan nan tambayarta za su yi duk minti biyar, su rubuta amsa a saman allo, in abu ya kusa lalacewa su yi ƙara. Ba sa neman komai daga wurin kowa.

Wannan karon ban gwada a tawa ba. Na je gidan wani mai gyara na nemo tsohuwa irin taki, na goge ta, na cire mata intanet, na cika cikinta da gangan har ta yi ƙarar. Tsakanin azahar da la'asar na gama rubutawa da gwadawa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Na juya takardarki ta ƙarshe sau uku, ba komai a baya. Zan zo Gummi ran jajibirin Salla. In kin yarda in biyo ta wurinku in duba kwamfutar, zan taho da abokin aikina da kayan gyara. In ba kya son ganina, na gane.

Mas'ud

Tungar Guru,
15 ga Agusta, 2012

Ɗan Gwaggo,

Wa alaikas salam. Muna lafiya, Inna na gaishe ka, ta ce in daina yi maka rowar gaisuwa, to ga ta nan na yi.

Na buga layi biyun, sunaye suka yi ta fita kamar yadda suka shigo, wuri ya dawo. Na buga sha ɗayan, Dorothy na karanto mini, mun yi kuskure a layi na bakwai muka gyara. Yanzu a saman allo akwai lamba uku, baƙi a kan fari, ba ado. Jiya da rana ta yi ƙara, na duba na ga zafi ne, na kashe ta ta huta na ci gaba a littafi. Abin da na nema ke nan ranar shida ga Yuni. Layi goma sha ɗaya, Mas'ud, ko rabin takarda bai cika ba.

Takwas ɗin nan mun gwada su, duk lambarsu ƙasa take. Sittin da ukun ta Uwani ce.

Ran Lahadi na je Anka na gan ta. Shure-shuren ya tsaya, tana shan magani, tana cin abinci in an ba ta a baki. Likita ya ce a yi haƙuri a ga abin da watanni za su yi, bai yi alkawari ba. Na zauna a bakin gadon, na ciro wayata na nuna mata maɓallai ina jiran ta tambaye ni sunansu. Ta kalle su, ta kalle ni. Kwana goma sha ɗaya ke nan ba ta ce ko Inna ba.

Kwamfuta ba ta buƙatarka, ta samu abin da take so. Ka bar abokin aikinka da kayan gyaransa a Zariya. Amma motar Gummi ta Anka take bi, ka ce wa Sambo ya sauke ka a asibitin. Ɗakin yara, gado na shida daga ƙofa. Na gaya wa Habsu komai, ban rage nawa laifin ba, ban rage naka ba. Ta ce tana so ta ga mutumin, ba don faɗa ba, don dai ta san wa za ta yafe wa kafin Salla.

Zan jira ka a bakin ƙofa ran Asabar. Ka zo kai kaɗai.

Taubashiyarka,
Zubaida